Yadda ake fatsar kifin tirawut da ƙwaron gashi a kogunan Birtaniya

Fatsar da aka saba da ita a gida, soka tana ake yi a ƙugiya, a ɗaura darma, a wurga, nauyin darmar ya ja zaren ya tafi da shi. A fatsar tirawut babu tana, babu darma. Abin da ke bakin zaren ƙugiya ce da aka naɗe da gashin tsuntsu, gashin dabba da zaren siliki har ta yi kama da ƙwaron da kifin yake ci. Wannan ƙwaron gashi ba shi da nauyin da zai kai ko taku uku idan ka jefa shi da hannu, don haka aka mayar da nauyin cikin igiyar. Igiyar ake jefawa, ƙwaron ya bi ta a baya. Wanda ya riƙe wannan a ransa, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Tirawut kifin ruwan sanyi ne mai tsabta. Idan zafin ruwa ya haura digiri 18 a ma'aunin Selshiyas ya fara takura, a digiri 20 kuwa masunta masu hankali naɗe kayansu suke yi, saboda iskar numfashi ta ragu a ruwan, kifin da aka wahalar ko an sake shi yana iya mutuwa. Wannan ne ya sa babu shi a kogunanmu masu ɗumi. A Afirka sai a kan tsaunuka, kamar Kenya inda aka kai shi a 1905, da Lesoto da Afirka ta Kudu. A Birtaniya iri biyu za ka tarar: mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo ja da baƙi, wanda shi ne ɗan ƙasa, da mai jan zane a gefe wanda aka kawo daga yammacin Amurka, aka fi zuba shi a madatsun ruwa irin su Rutland da Grafham.

Takardu kafin sanda

A Ingila da Wales abu biyu ake buƙata, kuma sababbin shiga sukan ɗauka ɗaya ne. Na farko lasisin sanda, wanda hukumar kula da muhalli take sayarwa ta intanet, na kwana ɗaya, na kwana takwas ko na shekara. Duk wanda ya kai shekara 13 sai da shi. 'Yan 13 zuwa 16 kyauta ake ba su amma sai sun yi rajista. Wanda aka kama babu lasisi, tarar tana iya kaiwa fam 2,500. Na biyu izinin mai ruwan. Kogin da ba ya haɗe da tashi da saukar teku, haƙƙin kamun kifinsa na mai gonar da ke gaɓa ne, ko na wanda ya saya daga hannunsa. Lasisi bai ba ka damar taka gonar kowa ba. A nan ƙungiyar masunta ta gari take shigowa, za mu zo kanta. A Sikotland babu lasisin sanda, izini kawai, kuma lokacin kamun tirawut ɗan ƙasa daga 15 ga Maris ne zuwa 6 ga Oktoba. A Ingila ranakun sun bambanta daga yanki zuwa yanki, galibi daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa wajen ƙarshen Satumba. Duba dokar yankinka.

Kaya

Sanda mai tsawon ƙafa 9, lamba 5, ita ce ta kowa da kowa a kogi. Lambar tana nufin nauyin igiyar da ta dace da ita: ƙafa 30 na farkon igiya lamba 5 nauyinsu kusan giram 9 ne. Sanda lamba 5, igiya lamba 5. Idan ka sa mata igiya lamba 3 sandar ba za ta lanƙwasa ba, jifa ya gagara, ka yi ta zargin hannunka alhali laifin kaya ne. Ƙaramin rafi mai bishiyoyi yana son sanda ƙafa 7 zuwa 8, lamba 3 ko 4. Madatsar ruwa mai iska tana son ƙafa 10, lamba 7.

Faifan naɗe igiya kada ya ci maka kuɗi, ma'aji ne kawai a yawancin kamun kogi. Kuɗin ka zuba su a igiya. Sayi mai yawo a saman ruwa, wadda nauyinta yake ta gaba. Tsawonta wajen mita 27 ne. A ƙarƙashinta ana naɗa zaren ajiya mita 50 ko fiye, don ya cika faifan kuma ya yi amfani ranar da babban kifi ya zura da gudu.

Tsakanin igiya da ƙwaro akwai zaren gaba na nailan, ƙafa 9, mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa baki. Sirancewar nan ita ke miƙar da ƙwaron ya sauka a hankali. A bakinsa ake ƙara siririn zare kamar santimita 60 zuwa 90, don kada kullum canza ƙwaro ya riƙa cinye zaren gaban. Kaurinsa da lamba da harafin X ake rubutawa, kuma lamba tana hawa zare yana sirancewa: 4X ya fi 5X kauri, 5X kaurinsa kusan milimita 0.15 ne. Haka ma ƙugiya, lamba 18 ta fi lamba 12 ƙanƙanta. Masunta suna da lissafi mai sauƙi: raba lambar ƙugiya gida uku. Ƙugiya 12 tana son 4X, 15 ko 16 tana son 5X, 18 tana son 6X. Zare mai kauri a kan ƙaramin ƙwaro yana sandarar da shi ya ƙi bin ruwa yadda ya kamata. Siririn zare a kan babban ƙwaro kuma murɗewa yake yi a iska.

Sauran: ragar hannu mai ramukan roba (raga mai ƙulle-ƙulle haramtacciya ce a Ingila saboda tana goge jikin kifi), ɗan almakashi, hantsakin cire ƙugiya, man shafa wa ƙwaro don ya yi yawo, wandon shiga ruwa da ɗamararsa, hula mai baki, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Tabarau ba ado ba ne. Ƙugiya tana wuce kunnenka da gudu sau ɗaruruwa a yini, iska ɗaya ce za ta karkato da ita.

Ƙwari kuma, kada shago ya ruɗe ka da akwatuna. Shida sun isa shekarar farko. Na saman ruwa: Parachute Adams lamba 14 zuwa 18, Klinkhåmer wanda Hans van Klinken ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙiro, rabinsa a nutse rabinsa a sama kamar ƙwaron da ke fita daga ɓawonsa, da Elk Hair Caddis don yamma. Na ƙarƙashin ruwa: Pheasant Tail, wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Wiltshire, ya haɗa da gashin jelar tsuntsu da siririyar wayar tagulla kawai, da Hare's Ear na gashin zomo, kowanne wasu masu ɗan dutsen ƙarfe a ka don su nutse. Na shida babban ƙwaron Mayu lamba 10, na makonni biyu zuwa uku ne kawai a shekara. Matse ƙayar bayan kowace ƙugiya da hantsaki ko ka sayi marar ƙaya. Ƙungiyoyi da yawa sun wajabta haka, kuma ranar da ta shiga yatsanka za ka gode.

Haɗa kayan da ƙulli biyu

Haɗa gaɓoɓin sanda daga sama zuwa ƙasa, zobban su yi layi. Ɗaura faifan. Kada ka zura bakin siririn zare cikin zobba, zai suɓuce ya koma. Ninka igiyar mai kauri biyu ka tura ninkin, idan ta kuɓuce sai ta tsaya a zobe. Yawancin igiyoyi suna da kunne a baki, zaren gaba ma haka, sai ka saƙala kunne cikin kunne.

Don haɗa zaren gaba da siririn zare: jera bakunansu su haɗu tsawon santimita 15, yi da'ira da su tare, zura siririn zaren gaba ɗayansa tare da guntun bakin ɗayan cikin da'irar sau biyu ko uku, jiƙa, ja bakuna huɗun lokaci guda. Don ɗaura ƙugiya: zura zare a idonta, naɗa bakin sau biyar a jikin zaren, mayar da shi ta ɗan ramin da ke kusa da ido, sannan ta cikin babban ramin da ka ƙirƙira yanzu, jiƙa, ja a hankali har naɗin ya taru. Ƙullin da aka ja a bushe gogayya tana ƙona shi, ya tsinke a bakin kifi. Amma ka jiƙa da ruwan kogi a yatsa, kada ka sa zaren da ya shiga kogi a baki: fitsarin ɓera a ruwa yana ɗauke da cutar da ke farawa kamar mura da zazzaɓi ta taɓa hanta da ƙoda. Idan zare ya tsinke ka ga bakinsa a murɗe kamar jelar alade, ƙullinka ne ya zame. Idan a miƙe yake, zaren ne ya gaza.

Jifa

Koyi a kan ciyawa, da guntun ulu a madadin ƙugiya. Zaro igiya mita 8 zuwa 10 ka shimfiɗa ta a miƙe gabanka. Riƙe sanda babban yatsa a sama, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, kan sandar yana kusan taɓa ƙasa, yatsan manuni ya danne igiyar a jikin mariƙi.

Ɗaga sandar a hankali, kana ƙara sauri, har igiyar ta bar ƙasa, sannan ka tsaya cak lokacin da babban yatsanka ya kai daidai kunnenka, sandar ta ɗan wuce tsaye kaɗan. Tsayawar nan ita ce jifan. Sanda ta lanƙwasa da nauyin igiya, tsayawa ce ke sa ta miƙe ta harba igiyar baya. Yanzu jira. Juya kai ka kalli igiyar tana warwarewa a bayanka. Tana gab da miƙewa, sai ka turo gaba, nan ma a hankali zuwa sauri, ka tsaya cak kan sandar yana sama da tsayin idonka. Igiya ta miƙe a iska, sannan ka bi ta da sandar zuwa ƙasa.

Kurakuran kusan kullum guda huɗu ne. Idan ka ji ƙara kamar bulala a bayanka, ka yi gaggawar dawowa, kuma sau da yawa ƙwaron ya tsinke ya tafi. Idan igiya tana dukan ƙasa a baya, wuyan hannunka ne ya karye sandar ta kwanta. Cusa gindin sandar cikin hannun rigarka na ɗan lokaci, zai hana. Idan ka tarar da ƙananan ƙulle-ƙulle a zaren gaba, masunta suna ɗora wa iska laifi, amma fizga ce ka yi da ƙarfi tun farkon turowa, sai igiyar sama ta faɗo ta sarƙe ta ƙasa. Kwance su nan take ko ka canza zaren, domin ƙulli ɗaya yana rage ƙarfinsa sosai. Idan kuma igiya ta zube a tare a gabanka, ba ka tsaya ba, ka raka sandar har ƙasa.

Inda bishiya take bayanka, akwai jifan naɗi. Ja sandar a hankali zuwa bayan kafaɗa ba tare da igiyar ta bar ruwa ba, har ta rataya a gefenka kamar cikin baka, sannan ka turo gaba ka tsaya. Riƙon da ruwa ya yi wa igiyar shi ke lanƙwasa sandar, shi ya sa wannan jifan ba ya koyuwa a ciyawa.

Kada nisa ya dame ka. Mafi yawan tirawut ɗin kogi a cikin mita 10 ake kama su.

Inda kifin yake, da yadda ake isa gare shi

Tirawut yana tsayawa ne fuskarsa tana kallon inda ruwa ya fito, yana jiran abin da ruwa zai kawo. Yana son wurin da shi zai huta a ruwa mai sanyin gudu, abinci kuma yana wucewa a mai ƙarfin gudu kusa da shi, ga mafaka a gefe. Saboda haka nemi layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, gaban babban dutse da bayansa, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule, gindin saiwoyi, bakin gurbi inda ruwan tsakuwa yake zubowa, da wutsiyar gurbi inda ya fara yin ƙasa-ƙasa. Layin kumfa a saman ruwa alama ce mai kyau: inda ruwa ya tara kumfa, nan yake tara ƙwari.

Hausawa sun ce kifi na ganin ka mai jar koma, kuma babu kifin da maganar ta fi dacewa da shi kamar wannan. Fara daga ƙasan wurin ka riƙa hawa sama, don ka zo masa ta baya. Sa tufafi masu duhun launi, rage tsawo, kada inuwarka ko ta sandar ta faɗa kan ruwa. Taka a hankali, domin yana jin girgizar gaɓa da karon tsakuwa ta jikinsa. Kifin da ka kora ba shi kaɗai ka rasa ba, gudunsa yana tayar da na gaba. Kafin jifan farko zauna minti goma ka kalli ruwan. Yawancin mutane ba sa iya wannan, kuma a nan ake fin su.

Abin da kake nema shi ne da'irar da kifi yake bari idan ya ɗauki abu a sama. Ɗan sumba marar ƙara, da ƙaramar da'ira, yana nufin ƙananan ƙwari ko waɗanda suka mutu suka kwanta a ruwa, kuma sau da yawa babban kifi ne. Fantsama mai ƙara tana nufin yana bin ƙwaro mai motsi, irin na yamma da ke gudu a saman ruwa. Idan ruwan ya kumbura kawai, ko ka ga baya da jela ba ka ga baki ba, a ƙarƙashin fatar ruwa yake ci, ƙwaron sama zai wuce shi bai kula ba. Sa Klinkhåmer ko Pheasant Tail marar nauyi. Ka tuna da'irar tana tafiya da ruwa, kifin yana ɗan sama da inda ka gan ta.

Kama ƙwaro ɗaya da hularka ka duba. Girma ya fi launi muhimmanci. A Maris da Afrilu ƙwari masu launin zaitun suna fitowa da tsakar rana. Ƙarshen Afrilu akwai baƙin ƙuda mai dogayen ƙafafu masu reto da iska ke kaɗowa daga shinge. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni babban ƙwaron Mayu yake fita, manyan kifaye su manta da tsoro, har Turawa suna kiran lokacin makonni biyun marasa gwaninta. A Yuli da Agusta rana ba ta da amfani sosai, sa'a ta ƙarshe kafin duhu ita ce kasuwa.

Tafiyar ƙwaro a kan ruwa

Nan ne aikin yake. Ƙwaron gaske idan ya faɗa ruwa, tafiya yake yi daidai da gudun ruwan da ke ƙarƙashinsa. Naka kuwa a ɗaure yake da igiya wadda ta ratsa ruwa iri-iri, wani mai gudu wani mai jinkiri. Da zarar ruwan tsakiya ya ja cikin igiyar, sai ƙwaron ya fara ja, yana tsaga ruwa da ɗan layi a bayansa. Wani lokaci jan ƙanƙane ne, idonka ba zai gani ba, kifi kuwa ya gani. Zai taso, ya duba, ya koma. Sabon shiga sai ya buɗe akwati ya canza ƙwaro, ya sake canzawa, alhali da ya gyara tsayuwarsa da taku biyu da ƙwaron farko ya isa.

Jefa ƙwaron kamar mita ɗaya sama da kifin, daga baya ta gefe, yadda siririn zare kaɗai zai bi ta kusa da shi, igiya mai kauri ba za ta faɗa kansa ba. Yayin da ruwa yake dawo maka da igiyar, riƙa janye rarar da hannun hagu ta ƙarƙashin yatsan manuni, daidai gudun ruwan: ka yi jinkiri rara ta taru ka kasa soka ƙugiya, ka yi sauri kai da kanka ka ja ƙwaron. Idan akwai ruwa mai gudu tsakaninka da kifin, da igiya ta sauka sai ka ɗaga ta da kan sanda ka kifa cikinta zuwa sama, ba tare da ƙwaron ya motsa ba. Kafin ruwan ya miƙar da wannan lanƙwasa, ƙwaron ya sami daƙiƙa uku ko huɗu yana tafiya a sake. Wata dabarar ita ce ka girgiza kan sanda hagu da dama yayin da igiya take sauka, ta kwanta kamar maciji. Ƙara tsawon siririn zare ma yana taimakawa. Mafi sauƙi duka, matsa kusa ka ɗaga sanda sama, igiya kaɗan ta taɓa ruwa.

Idan jifa ya kauce, kada ka fizge shi a kan kifin. Bari ya wuce bayansa sosai, sannan ka ɗaga a hankali.

Ranar da babu abin da ke tasowa, kuma irin ranakun sun fi yawa, koma ƙasa. Ɗaura siririn zare santimita 45 zuwa 60 a lanƙwasar ƙugiyar Klinkhåmer, ka rataya Hare's Ear mai dutse a ƙasa. Na saman ya zama alama: ya nutse, ya tsaya, ko ya karkata, ɗaga sanda nan take, domin kifi yana tofar da abin da ba abinci ba cikin ƙiftawar ido. Idan ba ka taɓa ƙasan kogi jefi-jefi, ba ka kai inda kifin yake ba, ƙara tsawo ko nauyi. Sai dai duba dokar wurin tukuna. A wasu sassan kogunan dutsen alli na Hampshire, Test da Itchen, ƙwaron sama kaɗai aka yarda da shi a wani ɓangare na shekara, gadon gardamar da aka yi tun zamanin Frederic Halford mai kishin ƙwaron sama da G. E. M. Skues wanda ya kare na ƙarƙashi.

Daga soka ƙugiya zuwa raga

A ƙwaron sama, bari kifin ya rufe baki ya juya ƙasa, kamar daƙiƙa ɗaya ga babban kifi a ruwa mai kwanciya, sannan ka ɗaga sanda kawai har igiya ta miƙe. Fizga tana tsinka 5X. Riƙe sanda a karkace, rabin tsaye, lanƙwasarta ta sha fizgar kifin. Ya ja, sake masa igiya ta zame a yatsa. Ya tsaya, karɓo. Ya nufi saiwa, kwantar da sandar gefe ka juyo kansa. Kada ka ja faɗan ya yi tsawo don jin daɗi, gajiya mai yawa tana kashe shi bayan an sake shi. Nutsa raga cikin ruwa ka jawo kifin kanta ta kai. Bin sa da raga yana firgita shi. Kuma kada ka miƙar da sanda tsaye cak kifi yana gindin ƙafarka, haka ake karya kan sanda.

Idan sakinsa za ka yi, kuma a yawancin kogunan kifin daji haka doka ko al'ada take, bar shi cikin raga a ruwa, jiƙa hannu, zare ƙugiya da hantsaki. Busasshen hannu yana kwashe yauƙin da ke kare fatarsa. Kada ka matse cikinsa, kada yatsa ya shiga wurin numfashinsa. Hoto, in dole ne, daƙiƙa kaɗan. Tallafe shi fuskarsa tana kallon ruwa har ya fizge da kansa. Inda aka yarda a ɗauka, ana buga masa ɗan kulki sau biyu a ka, bayan idanu, kafin a cire ƙugiya, a fede shi da wuri a sa a sanyi.

Sandar kabon tana ɗaukar lantarki, kuma ba sai ta taɓa waya ba. Nisanci wayoyin sama da mita 30, ka kwantar da ita idan ana tsawa. Ɗaure ɗamarar wandon ruwa tamau don kada ya cika idan ka faɗi, yi amfani da sandar dogarawa, kada ka shiga ruwan da ya yi ja ko yake hawa. Da ka koma gida duba jikinka saboda kaska.

Ƙungiyar gari da aikinta

Ƙungiyar masunta tana karɓar hayar haƙƙin kamun kifi daga manoma, ko ta saya, ta raba kuɗin a kan mambobi. Akwai na masu hannu da shuni, irin Houghton Club ta Stockbridge da aka kafa a 1822, wadda shiga sai da gayyata, kuma yini ɗaya a sanannun sassan Test lokacin ƙwaron Mayu yana cin ɗaruruwan fam. Amma a Yorkshire, Derbyshire, Wales da Devon akwai ƙungiyoyin gari da kuɗin shekararsu bai kai na wannan yini ɗaya ba. Tambayi shagon kayan fatsa na garin. Rubuta wa sakatare tun Janairu, saboda wasu suna da layin jira. Da yawa suna sayar da tikitin yini, hanya mai kyau ta ganin ruwan kafin ka biya na shekara.

Za a ba ka kati, taswirar sassan kogin da wuraren ajiye mota, da littafin dokoki. Karanta shi. Ladubban ba su da yawa amma ana riƙe su da ƙarfi: rufe ƙofar gona a bayanka, kada ka shiga gaban wanda ka tarar yana hawa sama, zagaye shi nesa da gaɓa ka bar masa ruwa mai yawa, nuna katinka ga mai gadin kogi ba gardama. A ƙarshen shekara cika takardar abin da ka kama, har ranakun da ba ka kama komai ba, domin da ita kwamiti yake gane ko kifi yana raguwa.

Aikin gayya shi ne ƙashin bayan ƙungiya, kuma kowane aiki da watansa. Tirawut yana zuba ƙwai daga wajen Nuwamba zuwa Janairu, macen ta haƙa rami a tsakuwa da jelarta ta rufe, ƙwan ya kwana a ciki har farkon shekara. Idan laka ta toshe tsakuwar, ƙwan ya shaƙe. Don haka a Satumba ake sassauta tsakuwa da manjagara ko famfon ruwa, kuma daga nan ba a taka waɗannan wurare. Saran rassa da gyaran matakalar shinge a hunturu ake yi, kafin tsuntsaye su fara sheƙa a Maris. A da ana kwashe duk itacen da ya faɗa kogi. Yanzu, da shawarar ƙungiyoyi irin Wild Trout Trust, ɗaure shi ake yi a gaɓa, domin yana matse ruwa ya wanke tsakuwa, ƙananan kifi su sami maɓoya. A Yuni da Yuli ana tuge wata baƙuwar ciyawa mai fure ruwan hoda da aka kawo daga yankin Himalaya, kafin ta yi iri, saboda tana kashe ciyawar gaɓa sannan ta mutu a hunturu ta bar ƙasa tsirara ruwa ya cinye. Zuba kifin gona ma ya ragu, kuma tun 2015 wanda ake zubawa a kogunan Ingila dole ya zama marar haihuwa ko daga irin kogin, don kada ya gurɓata jinin na daji. Da dare a hunturu kuma ana taruwa a koyi ɗaura ƙwaro, a yi babban taron shekara a zaɓi shugabanni.

Aikin da ya fi dacewa da sabon mamba shi ne ƙidayar ƙwarin kogi, wadda ƙungiyar Riverfly Partnership take horar da masu sa kai a kanta. Sau ɗaya a wata, a wuri guda, ana kafa raga a ƙasan ƙafa, a tuttura tsakuwa da takalmi minti uku, a ƙara minti ɗaya ana duba ƙarƙashin duwatsu da hannu. A juye a farin faranti a ware rukuni takwas. Rukunin da aka samu 1 zuwa 9 maki ɗaya, 10 zuwa 99 maki biyu, 100 zuwa 999 maki uku, 1,000 zuwa sama maki huɗu. Idan jimillar ta faɗo ƙasa da iyakar da aka sa wa wurin, a sanar da hukumar muhalli, domin ƙwari suna mutuwa da guba tun kafin a ga mataccen kifi. Wanda ya yi wannan wata shida ya san abin da tirawut ɗin koginsa yake ci fiye da wanda ya haddace kasidar shago.

Duk lokacin da za ka tashi daga wani ruwa zuwa wani, duba raga, takalmi da wando, ka wanke, ka shanya. Cutar da jatan landen kogi na Amurka ya kawo, wadda ta ƙarar da na ƙasar a koguna da dama, a jiƙaƙƙen kaya take tafiya, haka ma wani mugun jatan lande da aka fara gani a Grafham a 2010. Jiƙa kayan a ruwan zafi digiri 45 na minti 15, sannan su bushe ƙarau na aƙalla kwana biyu. Takalmi mai tafin ulu ya fi kowanne riƙe laima, shi ya sa wasu ƙungiyoyi suka hana shi.